Yaya, Borin Jini da Shekarun Aro

Yayata ta girme ni da shekara goma sha ɗaya cif, amma a takarda rana ɗaya aka haife mu. Ni na ƙulla wannan abin, ni da bakina da ba ya shiru, kuma ba don alfahari nake faɗa ba.

Ina 'yar shekara bakwai mahaifiyarmu ta rasu, Yaya ce ta zama uwa. Ita ke min wanka, ita ke tsefe min kai, ita ta zane ni ranar da na gudo daga makaranta. Da ta yi aure ta tafi da ni. Auren ya shekara goma ya mutu babu haihuwa, ta fito da ni da akwati ɗaya. Lokacin tana talatin da uku, ba ta da ilimin boko mai zurfi, ba ta da sana'a sai hannunta. To amma wane irin hannu! Jaririn da ya hana unguwa sakat da kuka, in aka miƙa wa Yaya sai ka ji tsit, kamar an kashe rediyo.

Ana nan na ga sanarwa a ƙofar wani sabon gidan raino, irin wanda mata ma'aikata ke ajiye 'ya'yansu da safe su ɗauka da yamma. Ana neman masu raino, amma kada shekarun mace su wuce ashirin da biyar. Na dawo gida da gudu.

Na ce, "Yaya, ni ashirin da biyu nake. Ki ari shekarata, ba abin da nake yi da ita."

Ta ce, "Ke, ki ji tsoron Allah."

Na ce, "Ki dubi madubi. Ɗan jikin nan naki, wa zai ce kin girme ni? Kuma jariri ba ya tambayar shekara."

Kwana uku ina mata naci har ta gaji. Muka je aka yi mata takardar shekaru da ranar haihuwata, aka ɗauke ta aiki a satin. Na dinga tsokanarta ina kiranta 'yar biyuna, tana jifana da takalmi.

Shekara goma sha shida ta yi a ɗakin jarirai. Na san ɗakin kamar ɗakina, don nakan kai mata abinci daga shagon ɗinkina. Gadaje takwas ne jere da bango, da kanta mai fidojin madara kowacce da alamar mai ita, da ƙaramin firiji, da wurin wanke hannu. Dokar ɗakin ita ce riga mai gajeren hannu, don a wanke har gwiwar hannu kafin a taɓa yaro. Yaya takan kwantar da jariri rubda ciki a kan damtsenta, kumatunsa a tafinta, ta dinga zagaya ɗakin tana ƙus-ƙus da shi kamar suna gulmar wani. Ta san kukan yunwa, ta san na gyatsa, ta san na rigima kawai. Abokan aikinta suka sa mata Sanyi, wai don sanyin hannunta, har iyayen yara ba su san wani suna ba sai shi.

Sai dai ƙarya tana son hidima. Duk sati biyu nake rina mata gashi. In 'yan matan wurin na hirar zamaninsu, haka za ta yi ta dariyar abin da ba ta sani ba. In gwiwa ta riƙe ta, sai ta ce bugewa ta yi. Muka ɗauka haka za a yi ta tafiya, muka manta jiki magayi.

Bara al'adarta ta fara wasan ɓuya. Ta zo wannan wata, ta tsallake biyu, daga baya ta ɗauke ɗif. Sai wani zafi da ke taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙe ta sharkaf ko da tana gaban fanka. Ni kaɗai ta faɗa wa, shi ma da raɗa, kamar ta yi sata. A wurin aiki kuwa ba ta fasa saka audugar mata a jaka ba. Duk wata sai ta dafe mara a gaban 'yan matan ta ce, "Wash, baƙuwar ta zo." Ranar da ta ba ni wannan labari na yi dariya har da riƙe ciki, ita ko murmushi ba ta yi ba.

Sai borin jini ya shigo. Wata safiya tana wanke hannu ta ga damtsenta ya yi ruɗu-ruɗu, fata ta tattashi faci-faci kamar an zane ta da bulala, ga ƙaiƙayi na fitar hankali. Kafin azahar ya ɓace kamar ba a yi ba. Washegari ya fito a wuya, jibi a cinya da baya. Ba ya kwana wuri ɗaya, kuma ba ya fashi. A gajeren hannun riga ina za ta ɓoye shi?

Wata uwa ta zo ajiye ɗanta, ta miƙo shi, idonta ya sauka a kan hannun Yaya, sai ta janye yaron ta rungume. Kai tsaye ofishin Shugabar gidan ta wuce. Kafin sati ya zagayo iyaye sun gama yaɗawa a wayoyinsu cewa Sanyi na da cutar fata. Wata ta ce ƙazuwa ce. Wata ta ce ɗanta ya yi ƙurji a kumatu, ta san daga inda ya kwaso. Yaran da Yaya ta yi wa tsarki da hannunta, ta share musu majina, yau iyayensu ke ratse ta a baranda.

Shugaba, matar da ke tafiyar da gidan, ta tura ta asibitin da ke duba ma'aikatansu. A nan abin haushin yake. Yaya za ta tashi da jiki kamar taswira, ta bi layi awa uku, kafin a kira ta fata ta kwanta sumul. Sau biyu ana haka. Likitan, wani saurayi mai saurin rubutu, ya dubi katinta ya ga talatin da takwas.

Ya ce, "Al'ada fa?"

Ta ce, "Lafiya lau, likita."

Ya wuce wurin bai ƙara waiwaya ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce wataƙila wani abu ne take ci ko take taɓawa, ta dinga barin abubuwa ɗaya bayan ɗaya har ta gano shi. Ya ba ta ƙwayoyin kwana uku.

Yaya kuwa in ta kama abu ba ta masa riƙon wasa. Ta bar ƙwai, ta bar kifi, ta bar gyaɗa, ta bar madara. Ta canza sabulu sau huɗu, ta daina shafa mai, ta bar turare. Ta jefar da katifarta ta koma kwana a ƙasa. Rigunan da na ɗinka mata ta kwaso ta dawo min da su, wai ko yadin ne. Ta rame har ƙashin wuya ya fito, borin jini kuwa ko gezau.

Shugaba ta ce kafin a gane kan abin, a mayar da ita ɗakin wanki a bayan gida. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ɗaki ne ƙarami, injin wanki biyu, da na busarwa, da dutsen guga, taga ɗaya. Zafin wurin ya haɗu da zafin jikinta, abin ya ninku. Kuma bango ɗaya ne tsakaninta da ɗakin jarirai. Tana ninke zanen gado tana jin kukansu, ta san wane ne, ta san me yake so, ba halin ta je. Wata rana ta kasa daurewa ta leƙa ta taga ta ce wa sabuwar yarinyar da aka saka a wurinta, "Gyatsa yake so, ɗora shi a kafaɗa!" Yarinyar ta ja labule.

Daga nan Shugaba ta kira ta. Ta ce masu gidan sun matsa, iyaye biyu sun cire 'ya'yansu. Zuwa ƙarshen wata ta kawo takardar likita da ta faɗi ko mene ne, kuma ba a ɗauka. In babu takarda, babu aiki.

Saura kwana goma sha biyu ta faɗo shagona da tsakar rana. Ban gane ta ba da farko, leɓenta na sama ya kumbura suntum, ido ɗaya ya kusa rufewa. Ta ja labulen gwaji ta ɗaga riga. Wayyo Allah. Bayan nan duk ya tashi, ga sawun tsinin mataji inda ta yi ta susa har jini.

Ta ce, "Ɗauko rular nan ki sosa min. Ki sosa da ƙarfi, don Allah."

Ina sosawa tana kuka, ba irin mai sauti ba. Ta ce, "Ƙanwata, ko alhaki ne? Shekara sha shida ina ɗaukar 'ya'yan mutane da ƙarya. Wata biyu ke nan ban riƙe jariri ba. Hannuna har ciwo yake, ban san inda zan ajiye shi ba. In suka kore ni ina zan je? Wa zai ba ni ɗansa, an ce ina da cuta?"

Na ce, "Alhakin me? In alhaki ne ai ni zai fara kamawa, ga ni garau."

Na faɗa ne kawai. Na ɗauko waya na ɗauki hoton bayanta, da wuyanta, da fuskar, tana kare ido. Na ce tunda abin ya iya ɓuya in ya ga likita, bari mu kai shi da shaida. Na rufe shago na ja ta wani asibiti can wata unguwa, inda ba wanda ya san ta.

A wurin yankar kati aka tambayi shekarunta, ta ce talatin da takwas, bakinta ya riga ya saba. Likitar da muka samu dattijuwa ce mai tabarau, ba ta da gaggawa. Ta dubi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗauki murfin biro ta ja layi a damtsen Yaya, ba a jima ba layin ya taso ya kumbura. Ta yi tambaya kan abinci, kan magunguna, kan barci.

Sannan ta ce, "Al'ada fa?"

Yaya ta ce, "Lafiya lau, likita."

Ko rufe baki ba ta yi ba zafin nan ya taso mata. Ɗakin sanyi ƙalau, na'ura na busawa, amma gumi ya keto mata a goshi yana ɗiga ta haɓa. Likita ta sauke tabarau tana kallonta. Ni kuwa na ji in ban faɗa ba zan fashe.

Na ce, "Likita, arba'in da tara take. Wata bakwai rabonta da al'ada."

Kallon da Yaya ta yi min, har in mutu ba zan manta ba. Ko ranar da ta zane ni ba ta dube ni haka ba.

Likita ta ɗauki biro ta soke shekarun da ke katin ta rubuta na gaskiya. Ta ce borin jini ne mai daɗewa, kuma ba a ɗaukarsa, ko da jariri ya kwana a jikinta. Ta ce a shekarun ɗaukewar al'ada sinadaran jikin mace suna hawa suna sauka, fata na bushewa, kuma akwai matan da abin ke taso musu a daidai wannan lokaci. Ta ce, "Ba zan rantse miki cewa shi ne sanadi ba, masana ma ba su gama tantancewa ba. Amma na fi zarginsa a kan ƙwai da katifa. Ki koma ki ci abinci, baiwar Allah." Ta sa aka ɗebi jini don a duba wasu abubuwan, ta rubuta ƙwaya guda kullum, ta ce a guji zafi.

Na ce muna son takarda ta wurin aiki. Ta rubuta, aka buga aka kawo. A sama, ƙarƙashin suna, ga ranar haihuwa ɓaro-ɓaro.

Yaya ta zame daga kujera ta durƙusa. Mace mai shekara arba'in da tara, gwiwa biyu a ƙasa. Ta ce, "Likita, ki rufa min asiri, Allah ya rufa miki. Ki mayar da talatin da takwas. Ko ki bar wurin babu komai."

Likita ta kama ta ta ɗaga. Ta ce, "'Yar'uwa, takardar asibiti ba ta fita babu ranar haihuwa, ni kuma ba na sa hannu a kan abin da na san ba haka yake ba. Ki yi haƙuri."

Muka fito. Gaba kura, baya sayaki. A mota ba ta zauna kusa da ni ba.

Kwana goma sha ɗaya ba ta min magana. In na je ɗakinta ta ce barci take, in na aika abinci ta karɓa ba saƙo. Na yi kuka, na zagi kaina, na kuma zage ta a zuci, don da ban faɗa ba da yanzu tana nan tana susa da mataji. Maganin kuwa ya karɓe ta. A kwana na huɗu ƙaiƙayin ya lafa, sai ɗan abin da ba a rasa ba in ta sha zafi. Fata ta kwanta, takarda na cikin jaka, kwanaki na ƙarewa.

Ranar ƙarshen wata da sassafe na gan ta a ƙofar shago, cikin rigar aikinta. Ta ce, "Tashi ki raka ni. Ke kika ƙulla, ki zo ki ga kwancewa."

Shugaba ba muguwar mace ba ce. Ta karanta takardar, fuskarta ta saki, ta ce, "Alhamdu lillahi, ba a ɗauka." Sai idonta ya koma sama. Ta jawo fayil ɗin Yaya daga durowa ta buɗe, ta dubi wannan, ta dubi wancan. 

Ta ce, "Sanyi, me kika yi haka?"

Na yi caraf na ce, "Ni ce, ranki ya daɗe. Shekarata ce, ni na..."

Yaya ta ce, "Rufe min baki. Ni na sa hannu."

Shugaba ta ce dokar masu gidan ba ta da kwana, duk wanda aka samu da takardar ƙarya korarsa ake yi, ita ma ba ta isa ta hana ba. Ta tura wa Yaya takardar asibitin a kan tebur. Ta ce, "Ga abin da zan iya miki. Ki ɗauke wannan, ban gan ta ba. In rubuta kin bar aiki saboda rashin lafiya, ki tafi da mutuncinki, ba wanda zai ji. In kuwa ta shiga fayil, sai na rubuta gaskiya."

Na taɓa Yaya da ƙafa, wai ta karɓa. Ba ta ko dube ni ba.

Ta ce, "In na tafi a marar lafiya, iyayen nan za su ci gaba da cewa na shafa wa 'ya'yansu cuta?"

Shugaba ta hau gyara takardun fayil.

Yaya ta ce, "To rubuta na yi ƙarya, don na yi. Amma ban taɓa cutar da ɗan kowa ba, kuma sai sun sani. Ki ba ni izini in manna ta a allon ƙofa."

"Da shekarun a jiki?"

"Da su."

Allon sanarwa yana bakin ƙofar shiga, inda ake manna lokutan rigakafi da na hutu. Shugaba ta amince, Yaya ta manna takardar da hannunta, kusurwa huɗu. Ni ina gefe ina share hawaye da haushi, ban san wa nake jin haushi ba.

Muna nan tsaye wata yarinya ta shigo a makare, ba mu taɓa ganinta ba. Jakar ofis a hannu ɗaya, jakar kayan yaro a ɗaya, jariri a kafaɗa yana tsala ihu, ita ma idonta jawur. Ka gan ta ka ga wadda yau ne farkon rabuwarta da ɗanta. Ta ga rigar aikin Yaya, ta ga takardar da ake mannawa, ta tsaya ta karanta tun daga sama har ƙasa.

Ta ce, "Mama, ke ce wannan?"

Yaya ta ce, "Ni ce."

Yarinyar ta sauke ajiyar zuciya. Ta ce, "Wallahi tun jiya nake addu'a in samu babba. Wata uku gare shi, ban taɓa barinsa da kowa ba." Ta miƙo shi.

Yaya ta dubi ƙofar ofis. Shugaba na tsaye a wurin, sai ta juya ta koma ciki. Yaya ta goge tafinta a riga ta karɓe shi. Ta kwantar da shi a damtse, ta yi taku uku ta dawo, tana masa ƙus-ƙus. Kukan ya koma shessheƙa, shessheƙar ta ɗauke, ya kama babban yatsanta ya riƙe.

Uwar ta yi dariya da hawaye. Ta gyara jakarta, ta dubi agogo, ta ce, "Kai, Allah na gode. Mama, gobe ma in na zo ke zan samu ko?"

Ƙofar ɗakin jarirai ta buɗe, sabuwar mai rainon ta fito ta miƙo hannu biyu. Yaya ta zare yatsanta daga hannun yaron a hankali.

Ta ce, "A'a, 'yata. Yau ɗin ma na tashi."